Tsakanin Sa'a da Dabara: Nazarin Ƙa'idojin Wasannin Tebur na Zamani, Misali daga Catan

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wasannin tebur na zamani, wato wasannin allo da na kati waɗanda manya masu sha'awa ke saye, su taru su yi, musamman a ƙasashen Turai da Amurka. Manufarta ita ce fito da abin da ya bambanta su da wasannin da suka gabace su, irin su Monopoly da ludo. An ɗora aikin a kan ra'in Roger Caillois na rabe-raben wasa. An ɗauki Catan a matsayin babban misali, aka ƙwanƙwance ƙa'idojinsa, sannan aka kwatanta shi da Dominion da Pandemic. Nazarin ya gano cewa masu tsara waɗannan wasanni sun sauya wa sa'a mazauni, suka mayar da ita abin da ɗan wasa zai iya lissafawa ya yi shiri a kansa, kuma suka daina korar wanda ya gaza daga wurin wasa. Haka nan an gano cewa ƙa'idojin wasa kan ɗauki saƙo game da dukiya da mulki da zamantakewa, don haka sun cancanci a nazarce su kamar yadda ake nazarin matanin adabi.

Fitilun Kalmomi: wasannin tebur, Catan, sa'a, dabara, ƙa'idojin wasa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin wasan da ake yi a zaune. A dara babu ruwan mutum da sa'a: gurabe ne, galibi 30, da 'ya'ya 12 a hannun kowane ɗan wasa, wanda ya fi iya jera uku ya cinye na abokin karawarsa shi ke da nasara. Ludo kuwa, wanda ya samo asali daga wani tsohon wasan Indiya kafin Turawan Ingila su sake masa fasali a ƙarshen ƙarni na 19, kusan komai nasa yana hannun dayis, wato ƙwayar nan mai fuska shida da ake jefawa. Saboda haka da an ambaci wasan allo ko na kati, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne ko dai gwanintar dattawa a gindin bishiya, ko shiriritar yara, ko kuma caca.

Akwai wani rukunin wasanni da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya bunƙasa a ƙasar Jamus daga wajajen 1980, ya bazu a duniya bayan 1995. Wasanni ne da ake tsarawa da gangan, kowanne da sunan wanda ya ƙirƙira shi a jikin kwalinsa kamar yadda ake sa sunan marubuci a bangon littafi. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: me aka sauya a cikin ƙa'idojin wasa har manya suka koma zama a tebur na tsawon awa ɗaya ko biyu, ba tare da an ɗora ko sisi ba?

1.1 Ra'i da Hanyar Nazari

A littafinsa na 1958, masanin zamantakewa Bafaranshe Roger Caillois ya kasa wasanni gida huɗu bisa abin da ke jan ɗan wasa. Akwai wasan gasa, inda ƙwarewa ke yanke hukunci, kamar dara da kokawa. Akwai wasan sa'a, inda mutum ke miƙa wuya ga abin da ya faɗo masa. Akwai wasan kwaikwayo, inda yake ɗaukar matsayin wani. Na huɗu shi ne wasan neman juwa, irin hajijiyar da yara ke yi. Gida biyu na farko su ne suka fi shafar wannan nazari, sai na uku da za a taɓo a sashe na 5.0.

Hanyar da aka bi ita ce karanta ƙa'idojin kowane wasa a matsayin matani, da duba abubuwa biyu a cikinsa: a ina sa'a ke shigowa, kuma me ke faruwa ga wanda aka bari a baya. Hukuncin shari'a game da wasa da dayis ko karta fage ne na malaman fiƙihu, kuma yana wajen iyakar wannan aiki.

2.0 Daga Monopoly zuwa Wasannin Jamus

Monopoly shi ne ma'aunin da ya dace a fara da shi, domin shi ne wasan allo na kasuwa da ya fi shahara a ƙarni na 20. Tushensa wani wasa ne da wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi wa rajista a 1904 don ta nuna illar tattare filaye a hannun mutum ɗaya, bisa ra'ayin masanin tattalin arziki Henry George. A 1935 kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi da sunan Monopoly, aka jingina ƙirƙirarsa ga Charles Darrow. A wannan wasa ɗan wasa yana jefa dayis biyu, ya matsa gwargwadon abin da ya fito a kan gidaje 40 da suka kewaye allon. Idan ya sauka a filin da ba mai shi, yana iya saye. Idan filin wani ne, ya biya haya. Ana ci gaba har kowa ya tsiyace, mutum ɗaya ya rage.

Abubuwa uku ne suka fito daga wannan tsari. Dayis ne ke zaɓa wa mutum inda zai je, zaɓin da ya rage masa kaɗan ne. Wanda ya fara tara filaye haya ce ke ƙara masa ƙarfi, don haka tazara ba ta raguwa. Wanda kuɗinsa ya ƙare kuma sai ya tashi ya zama ɗan kallo, wani lokaci tun wasa bai kai rabi ba.

A Jamus aka nemi wata hanya. A 1978 wasu masu sharhin wasanni suka kafa kyautar Spiel des Jahres, ma'ana gwarzon wasan shekara, aka fara bayar da ita a 1979 ga wasan tseren zomo da kunkuru na wani Baturen Ingila, David Parlett. A 1983 aka fara baje-kolin wasanni na birnin Essen, wanda har yanzu ake yi duk shekara a watan Oktoba. Kyautar ta zama jagora ga iyalai wajen saye, baje-kolin kuma ya haɗa masu tsarawa da kamfanoni da 'yan wasa a wuri guda. Masu nazari kan danganta ƙarancin jigon yaƙi a wasannin Jamus da ƙyamar da al'ummar ta yi wa duk abin da ya shafi soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jigogin da suka maye gurbin su ne noma da kasuwanci da gine-gine.

3.0 Catan a Matsayin Misali

Klaus Teuber, wanda ya rayu daga 1952 zuwa 2023, ma'aikacin haɗa haƙoran roba ne da ke tsara wasanni a lokacin hutunsa. Kamfanin Kosmos ya fitar da wasansa Die Siedler von Catan a 1995, ya kuma ci kyautar Spiel des Jahres a shekarar, karo na huɗu ke nan da Teuber ya ci ta.

Mutum uku ko huɗu ke yin wasan. Allon tsibiri ne da ake haɗawa daga filaye 19 masu kusurwa shida: dazuzzuka huɗu masu ba da katako, makiyaya huɗu masu ba da ulu, gonaki huɗu masu ba da alkama, tuddai uku masu ba da bulo, duwatsu uku masu ba da tama, da hamada ɗaya da ba ta ba da komai. Da yake ana iya sake jera filayen duk lokacin da za a fara, allon yau ba shi ne na gobe ba. Kowane fili, ban da hamada, ana ɗora masa lamba daga 2 zuwa 12, sai dai babu mai lamba 7. 'Yan wasa suna kafa ƙauyuka a mahaɗar filaye. Hanya tana cin katako da bulo. Ƙauye yana cin katako da bulo da ulu da alkama, yana ba da maki ɗaya. Mayar da ƙauye birni yana cin alkama biyu da tama uku, birni kuma maki biyu ne. Wanda ya fara kai maki 10 shi ya yi nasara.

3.1 Sabon Mazaunin Sa'a

Catan ma dayis biyu ake jefawa kamar Monopoly, amma aikinsu ya bambanta. Ba sa motsa kowa. Abin da suke yi shi ne nuna filin da zai yi yabanya a wannan zagaye. Idan 8 ta fito, duk wanda yake da ƙauye a gefen fili mai lamba 8 zai karɓi katin amfanin filin, ko shi ya jefa ko ba shi ba, mai birni kuma ya karɓi biyu.

A nan lissafi ke shigowa. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Lamba 7 tana da hanyoyi shida, 6 da 8 suna da biyar-biyar, 5 da 9 huɗu-huɗu, 4 da 10 uku-uku, 3 da 11 bibbiyu, 2 da 12 kuwa hanya ɗai-ɗai. Wanda ya kafa ƙauye a mahaɗar filaye masu lamba 6 da 9 da 5 yana da hanyoyi 13 cikin 36 na samun amfani a kowace jifa. Wanda ya kafa a mahaɗar 2 da 11 da 4 yana da shida kacal. Ba a ɓoye wa kowa wannan bayani ba, har ma an rubuta 6 da 8 da jan launi don su fito fili. Ke nan ɗan wasa yana yanke shawara tun kafin a jefa dayis, kamar manomin da bai mallaki ruwan sama ba amma shi ya zaɓi fadama ko jigawa. Jifa ɗaya tana iya saɓa masa, amma da yake ana jifa sau da yawa a wasa guda, kyakkyawan zaɓi ya fi yawan biyan mai shi. A ma'aunin Caillois, sa'a tana nan daram, sai dai ta koma yi wa gasa hidima.

Ko wajen kafa ƙauyukan farko an yi tanadin adalci. Kowa yana kafa biyu. A zagayen farko ana bi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a na biyu kuma a juyo daga na ƙarshe zuwa na ɗaya. Wanda ya rasa zaɓin farko sai ya sami damar kafa biyu a jere.

3.2 Ciniki

Da wuya mutum ya mallaki filayen da za su ba shi kaya biyar ɗin nan duka. Dole ya yi ciniki. Yana iya miƙa wa banki kati huɗu iri ɗaya ya karɓi ɗaya, ko uku ko biyu idan yana da tashar jirgin ruwa a gaɓar tsibirin. Wannan farashi yana da tsada da gangan, domin a tura shi wurin abokan wasa, inda ba a ƙayyade farashi ba. Mai alkama da yawa yana neman bulo, mai bulo yana taya masa, na uku yana rage farashi don ya ƙwace cinikin. Kowace musaya tana amfanar ɓangare biyu, alhali mutum ɗaya ne zai yi nasara, don haka tambayar da ke gaban ɗan wasa kullum ita ce wa cinikin ya fi amfana. Wanda ya sayar da tama ga mai shirin gina birnin da zai cika masa maki 10, dara ce ta ci gida.

Wannan ƙa'ida ce ta sa ba mai yin shiru a teburin Catan. Ko da layi bai zo kan mutum ba, yana iya karɓar amfani, yana iya sayarwa ga mai layi, yana iya jan hankalin sauran game da wanda ya yi gaba.

3.3 Taka wa na Gaba Birki

Idan 7 ta fito, wadda ita ce lambar da ta fi yawan fitowa, babu filin da ke ba da amfani. Duk mai riƙe da kati fiye da bakwai sai ya zubar da rabi. Sannan wanda ya jefa ya ɗauki ɗan fashi ya ɗora a filin da ya ga dama, filin ya daina ba da komai har sai an ɗauke shi, ya kuma zari kati ɗaya daga hannun wani mai ƙauye a wurin. A bisa al'ada kan wanda ya fi maki ake kai ɗan fashi, kuma shi ake ƙin yin ciniki da shi. Da haka tazara ke raguwa, saɓanin Monopoly. Ba a rushe ƙauyen kowa, ba a kuma fitar da kowa. Bugu da ƙari, maki biyu na hanya mafi tsawo da maki biyu na rundunar barade mafi girma suna iya barin hannun wani su koma na wani, wasu katunan kuma maki ne a ɓoye. Saboda haka ba a cika sanin mai nasara ba sai dab da ƙarshe.

Tsarin yana da nasa rauni. Wanda aka toshe wa hanyoyi tun farko yana iya zama a tebur ba tare da wata dama ta gaske ba, kuma wanda ya fid da rai yana iya zaɓar wanda zai yi nasara ta hanyar yi masa araha.

4.0 Rassan da Suka Biyo Baya

Nasarar Catan ta buɗe ƙofa. Carcassonne na Klaus-Jürgen Wrede, na shekarar 2000, ya sa 'yan wasa su gina allon da kansu, gutsure bayan gutsure. Ticket to Ride na Alan R. Moon, na 2004, ya ɗora gasar a kan shimfiɗa layukan dogo tsakanin biranen Amurka ta Arewa. Wasanni biyu na 2008 sun fi dacewa da tambayar wannan maƙala.

Dominion na Donald X. Vaccarino wasan kati ne zalla. Kowa yana farawa da kati 10 iri ɗaya da na sauran: bakwai na kuɗin tagulla, uku na gandu. A kowane zagaye yana zarar biyar, ya sayi sabon kati daga waɗanda aka baje a tebur, ya haɗa da nasa. Idan tarinsa ya ƙare sai ya gauraya ya sake farawa. Sa'a tana cikin zara, amma shi ya zaɓi abin da ke cikin tarin. Hikimar wasan tana ga katunan maki: lardi yana ba da maki shida a ƙarshe, amma a tsakiyar wasa ba ya sayen komai, cunkushe hannu kawai yake yi. Wanda ya yi gaggawar tara maki sai tafiyarsa ta yi nauyi. A nan birkin yana cikin katunan kansu, ba ya bukatar ɗan fashi.

Ya kamata a bambanta wannan da Magic: The Gathering na Richard Garfield, na 1993, inda ake sayen katuna a ƙunshe ba tare da sanin abin da ke ciki ba, wasu kuma da gangan aka ƙaranta su. A can sa'a ta tsallaka daga tebur ta shiga aljihu, shi ya sa ake yawan kwatanta irin wannan ciniki da caca. A Dominion kwali ɗaya ya wadatar da kowa.

Pandemic na Matt Leacock ya cire gaba tsakanin 'yan wasa ɗungurungum. Mutum biyu zuwa huɗu suna haɗa kai don samo maganin cututtuka huɗu da ke yaɗuwa a birane 48 na duniya, ciki har da Legas da Khartoum da Alƙahira. Kowa yana da aiki huɗu a zagayensa da wata baiwa da sauran ba su da ita. Idan annoba ta ɓarke sau takwas, ko katunan 'yan wasa suka ƙare, kowa ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙa'idar ce ta tilasta hakan. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce mai baki ɗaya kan mamaye shawara, sauran su zama 'yan amshin shata.

5.0 Saƙon da Ƙa'ida ke Ɗauke da Shi

Tarihin Monopoly ya nuna cewa ƙa'ida tana magana, kuma ana iya juya maganarta. Magie ta so mai wasa ya ji zafin haya, kasuwa ta mayar da shi ya ji daɗin karɓarta. Wasannin Jamus ma, duk da guje wa yaƙi, ba su tsira daga suka ba. A nan gidan kwaikwayo na Caillois ya shigo: matsayin wa ɗan wasa yake ɗauka? Tsibirin Catan ba shi da 'yan ƙasa, baƙi kawai ke zuwa su raba shi, wanda ya yi kama da labarin da 'yan mulkin mallaka suka riƙa bayarwa game da ƙasashen da suka mamaye. Puerto Rico na Andreas Seyfarth, na 2002, ya fi fito da abin fili: ɗan wasa mai gonakin rake da taba ne, jirgin ruwa yana kawo masa 'ya'ya masu launin ƙasa-ƙasa yana zuba su a gonaki. Ƙa'ida ta kira su 'yan kama-wuri-zauna, amma tarihin tsibirin ya nuna bayi ne suka yi wannan aiki har zuwa 1873. Sukar ta kai ga sake fitar da wasan a 2022 da sunan Puerto Rico 1897, inda 'yan wasa suka zama manoman ƙasar. Spirit Island na R. Eric Reuss, na 2017, ya juya labarin gaba ɗaya, domin 'yan wasa iskokin tsibiri ne da ke haɗa kai da mazauna wurin su kori mamaya.

Wannan batu ya shafi mai karatu ɗan Afirka kai tsaye. Wanda kakanninsa suka ga mulkin mallaka yana da dalilin tambayar kujerar da wasa ya ajiye masa kafin ya zauna.

6.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya gano cewa a Monopoly da ludo dayis ne ke faɗa wa mutum abin da zai yi, a Catan da Dominion kuwa mutum ne ke shirya yadda sa'a za ta same shi. Ya kuma gano cewa waɗannan wasanni suna riƙe kowa a tebur har ƙarshe, ta hanyar ba shi abin yi a zagayen wasu da kuma rage tazarar na gaba, ko da yake hakan bai kawar da duk wata matsala ba. Daga ƙarshe, jigo da ƙa'ida tare suke isar da saƙo, kuma martanin 'yan wasa yana iya sa a sake tsara wasa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi wasannin tebur na zamani daga Monopoly zuwa Catan da rassansa, ta nuna cewa abin da ya jawo manya gare su yana cikin ƙa'idojinsu. Darasin da ke ciki ga masu nazarin al'adun Hausawa shi ne na hanyar aiki. Bayanin wasannin gargajiya yakan tsaya ga lokacin yinsu da masu yinsu da waƙoƙinsu. Idan aka ƙara da tambayar inda sa'a ke shigowa da makomar wanda aka bari a baya, dara da carabke da 'yar ramuka za su bayyana wani ɓangare na tunanin Bahaushe game da gasa da rabo. Ana ba da shawarar a fara da tattara ƙa'idojin dara daga garuruwa daban-daban daga bakin gwanayenta, a rubuta su dalla-dalla, a kwatanta bambance-bambancensu.